“Kyauta? To ku me za ku ci?”

Takardar bogi ce ta jefa ni cikin harkar manhajar lissafin haraji. Bappana, ƙanen mahaifina, yana sayar da hatsi a Tudun Hatsi tun kafin a haife ni. Bayan kakar 2023 ya samu hanyar kai masara da wake wata makarantar kwana, aka ce sai ya haɗa da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Bappa kuwa bai taɓa taka ofishin haraji ba. Kuɗin rumfa yana biya, kuɗin lodi yana biya, duk wanda ya zo da rasit a kasuwa yana sallamarsa, don haka a ganinsa babu sauran magana tsakaninsa da hukuma. Sai wani ɗan kamasho irin masu rakuɓewa a bakin ofisoshi ya ce a kawo kuɗi, kwana biyu takarda ta fito. Ta fito ɗin kuwa, har da hatimi. Ranar da aka zo tantancewa aka nemi lambarta sama da ƙasa aka rasa. Kwangila ta wuce, kuɗi sun bi ruwa, ɗan kamasho ya kashe waya.

Bayan isha'i ya same ni a shagona da ke Jekadafari, inda nake buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya danne ta da tafin hannu.

“Kai da ka yi boko har jami'a, gaya mini tsakani da Allah, nawa gwamnati take bi na?”

Na ce, “Bappa, ku ba ni kwana biyu.”

Gaskiyar magana ban sani ba. Na karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe, ina iya haɗa manhaja, amma ko harajin kaina ban san yadda ake lissafa shi ba. Kwana biyun nan sai da ya zama wata biyu.

Abin da na fara ganowa shi ne ofishin da yawancinmu muke tsoro ba shi ne mai bin mu ba. Hukumar tarayya, wadda a lokacin ake kira FIRS, kamfanoni take bi. Harajin kuɗin shigar mutum ɗaya, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune ce ke karɓa. Dokar da ke aiki a lokacin kuwa ta 1993 ce, an yi mata babban gyara a 2011. Ma'aikaci ana cire masa nasa tun daga albashi, tsarin da ake kira PAYE, mai kansa kuwa shi zai lissafa abin da ya samu a shekarar da ta wuce ya kai wa hukuma kafin ƙarshen Maris. Lissafin kansa ba wani tashin hankali ba ne. A lokacin ana cire wa mutum rangwame na naira 200,000 da kashi 20 cikin ɗari na abin da ya samu, abin da ya rage a hau da shi matakala: 300,000 na farko kashi 7, na biyu kashi 11, sai 500,000 kashi 15, wani 500,000 kashi 19, sai 1,600,000 kashi 21, abin da ya haura haka kashi 24. Ɗan aji uku a ƙaramar sakandare zai iya. Na zauna ina mamakin yadda abin da bai fi layi goma ba ya zama hanyar cin abincin 'yan kamasho.

Na fara da jadawali a Excel, ina yi wa masu zuwa shago lissafi. Adda, yayata, ita ce ke haɗa albashi a wata makaranta mai zaman kanta a Tumfure. Da ta gani sai ta ce, “Wannan abin a waya ya kamata ya zauna, da Hausa. Kuma idan za a yi, a yi shi da rajista, kada gobe a ce mu ma 'yan kamasho ne.” Ta kawo kuɗin adashinta, ni na sayar da kwamfuta ɗaya cikin ukun da ke shago.

Rajistar kamfani ba ta ba mu wahala yadda na zata ba. A shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ake yin komai. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, mu dai mu biyu muka shiga, da mafi ƙarancin jarin da doka ta yanka wa irinmu, naira 100,000. Sunan farko da muka nema bai shiga ba, saboda mun cusa kalmar da ke nuna kamar na gwamnatin jiha ne, irin waɗannan kalmomi kuwa sai da izini na musamman. Daga baya na gode wa Allah da aka ƙi, dalili zai zo a gaba. Muka sake suna, takarda ta fito da lambar haraji ta kamfani, muka buɗe asusu a banki. Sunan ba zan kawo shi nan ba, kada a ce talla na zo yi.

Wata uku ina rubuta manhajar, yawanci da dare idan an kawo wuta, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya zama na lalura. Da na gama na cika da alfahari. A unguwarmu akwai wani dattijo da muke sallah tare, ya yi ritaya daga aikin haraji, kowa Baba yake ce masa. Na kai masa wayar bayan la'asar, yana zaune a dakalin ƙofar gida. Bai karɓa ba. Ya aika jikansa ya ɗauko masa tabarau da biro da wani tsohon ambulan.

“Saka mini malamin makaranta mai albashin dubu ɗari a wata, ana cire masa fansho kashi takwas.”

Na saka. Waya ta ce naira 63,600 a shekara. Baba ya duƙufa a kan ambulan ɗinsa, yana motsa leɓe, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa.

“Dubu sittin da shida da ɗari huɗu da tamanin. Ɗana, ka ci wa gwamnati kuɗi.”

“Baba, Allah ya ƙara muku lafiya, na bi dokar layi-layi.”

“Ka bi ta 2011. Ta 2020 fa?”

Ashe Dokar Kuɗi ta 2020 ta sauya inda ake ɗora kashi 20 ɗin nan. Ni na ɗora shi a kan cikakken albashin shekara, naira 1,200,000. Bayan gyaran kuwa sai an fara zare fansho, 96,000, sannan a ɗora shi a kan 1,104,000 da ya saura. Rangwamen ya sauko daga 440,000 zuwa 420,800, harajin ya ɗan ɗaga. Bambancin naira 2,880 ne a shekara, 240 a wata, ko kwanon shinkafa ba zai saya ba. Amma Baba ya ce in ninka shi da malamai arba'in, in ninka da shekara uku, sannan in tuna cewa idan mai makaranta ya cire ƙasa da ƙima shi za a bi, da tara a kai, shi kuma ni zai biyo. Tun daga ranar babu abin da ke fita daga hannuna sai ya bi ta ambulan ɗin Baba. Mun yi mun yi ya karɓi wani abu duk wata ya ƙi, sai da Adda ta yi dabarar mayar da shi buhun shinkafa da azumi. Shi ne kuma ya sa muka rubuta a fuskar farko ta manhajar cewa mu ba masu ba da shawarar haraji ba ne masu lasisi, lissafi muke shirya wa mutum, shi zai kai wa hukuma da kansa, kuma hukuma ce mai magana ta ƙarshe.

Na ɗauka an gama da mai wuya. Ashe ko fara ta ba a yi ba.

Ranar wata Asabar na shiga Tudun Hatsi da wayata, Bappa ya tara mini maƙwabtan rumfarsa a ƙarƙashin rumfar kwano, ana ta sauke buhuna daga tirela, ƙaiƙayi na tashi. Na yi bayani, na ce kyauta ne, ko sisi ba za su biya ba. Wani Alhaji mai wake ya dube ni daga sama har ƙasa.

“Kyauta? To ku me za ku ci?”

Kafin in ba da amsa wani ya ce, “Gwamnati ce ta turo shi. Ka rubuta abin da kake samu, gobe ka ga an zo da kwado.”

Aka yi dariya, aka watse. Ko mutum ɗaya bai karɓa ba, har Bappa, wanda saboda shi aka yi abin.

Na yi fushi a ranar, amma da na kwana na ga ba su yi wauta ba. Kalmar haraji tana da nauyi a kunnen dattawanmu. Sun ga zamanin da mai unguwa ke bi gida-gida, sun ga ana shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci, sun ga Fulani na kwana a daji da shanu don gudun jangali. Har yau idan hira ta yi hira za ka ji ana yabon Abubakar Rimi da Balarabe Musa saboda soke haraji da jangali da suka yi a Kano da Kaduna a 1979. Mutumin da ya taso da wannan, kuma jiya-jiya ɗan kamasho ya yashe shi, ka zo masa da waya ka ce ya zuba sirrin kasuwarsa a ciki kyauta, ai dole ya nemi inda ƙugiyar take. Da a ce sunan farkon nan mai kama da na gwamnati ya shiga, da ko sauraro ba zan samu ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan zargi ba. A Amurka, inda kusan kowa ke cike takardar haraji kafin 15 ga Afrilu, kamfanin Intuit mai manhajar TurboTax ya amince a 2022 ya biya dala miliyan 141 don sasanta zargin da jihohi suka yi masa kan tallan “kyauta” da ya kai mutane ga biyan kuɗi. Wato tambayar Alhaji mai wake tambaya ce ta masu hankali.

Muka zauna da Adda muka yanke shawarar da har yau ita ce ƙashin bayan kamfanin. Na rushe rabin abin da na gina. Da farko manhajar tana neman suna da lambar waya, tana ajiye lissafi a rumbunmu na intanet. Na cire duka. Yanzu ba ta tambayar suna, ba ta tambayar BVN, ba ta tambayar lambar asusu. Lissafin a cikin wayar mutum yake faruwa, a nan yake kwana, ko babu data tana aiki. Wanda yake so ma ba sai ya sauke ta daga intanet ba, maƙwabcinsa zai tura masa ta Xender. Idan na je kasuwa yanzu, abin da nake fara yi shi ne in ce mutum ya kashe datarsa da hannunsa, sannan mu yi lissafin. Wannan ya fi duk wani dogon bayani aiki. Ya kuma rage mana nauyi ta fuskar dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, don abin da ba ka karɓa ba ba za a ce ka yi sakaci da shi ba.

Shawarar tana da tsada. Wanda ya yar da wayarsa lissafinsa ya tafi, sai in ya tura wa kansa kwafi. Mu kanmu ba mu da hanyar ƙirga masu amfani da ita. Wani mai zuba jari da muka haɗu da shi a wani taro a Abuja ya saurare ni da fara'a, har ya kai ga tambayar bayanan 'yan kasuwa nawa muka tara. Da na ce ko ɗaya, ya ce to me zai saya. Ya yi gaskiya, ba abin da zai saya. Muka yi musabaha.

Amsar “me za ku ci” kuwa daga wajen Adda ta fito, don ita ta san zafin abin. Duk wanda ke da ma'aikata dole ya cire musu haraji ya kai kafin 10 ga watan da ke biye, sannan kafin ƙarshen Janairu ya miƙa jadawalin shekara na kowane ma'aikaci. Makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci, gidajen burodi, manyan kemis, yawancinsu ba su da akanta na dindindin, mai wurin ne ko ɗansa ke fama da kalkuleta. Su muke haɗa wa jadawalin albashi da na haraji, su biya mu wani abu kaɗan duk wata gwargwadon yawan ma'aikatansu. Na mutum ɗaya kyauta ne, kuma babu wani mataki a ciki da za a kai a ce sai ka biya kafin ka ga amsa. Kuɗin ba su da yawa. Suna biyan haya, da data, da albashin yarinya ɗaya da ke amsa waya. Shagon buga takardu har yanzu shi ke ciyar da gidana.

Ma'aikata ba su ba mu wuya ba, albashinsu a rubuce yake. 'Yan kasuwa ne matsala, kuma ba ta tsoro kaɗai ba. Ranar da Bappa ya yarda muka zauna, tambayar farko ta manhajar ita ce nawa ya samu bara. Ya yi dariya har da tafa hannu.

“Wa ya sani? Kuɗi suna shiga suna fita.”

Littafinsa ɗaya ne, na bashi, da ajami. Abin da ya saya a Kumo, abin da ya biya direba, abin da ya ba 'yan dako, duk a kansa suke, kuma daga aljihu ɗaya ake cefane da sarin kaya. A nan na gane na gina rufi babu bango. Mutumin da bai san ribarsa ba, babu manhajar da za ta san harajinsa. Na koma na ƙara littafin shige da fice, maɓallai huɗu manya: Na saya, Na sayar, Na kashe, Bashi. Ɗansa ne ke dannawa kullum bayan magariba, Bappa na faɗa masa.

Sai da muka sha gardama kan “Na kashe”. Doka ta yarda a cire abin da aka kashe domin kasuwar kanta, kamar hayar rumfa, kuɗin mota, dako, buhuna, maganin ƙwari. Cefanen gida da kuɗin makarantar yara da gudummawar biki ba sa ciki. Bappa ya ce wannan zalunci ne, ai don cefanen yake kasuwar. Ban iya kare dokar ba, na dai raba maɓallin gida biyu, na kasuwa da na gida. Wani abin da ya taimaka shi ne zakka. Duk ɗan kasuwar kirki ya san lissafin ɗaya cikin arba'in, ya san nisabi, ya san zagayowar shekara. Sai nake ce musu zakka tana duban dukiyar da ta shekara a hannu, haraji kuwa ribar shekara yake duba, ba ya taɓa uwar kuɗi. Da yawa a nan hankalinsu ke kwanciya, don abin da suke tsoro shi ne a lissafa musu a kan duk kuɗin da ya ratsa ta asusunsu.

Muna cikin haka ƙasa ta ɗauki zancen sabbin dokokin haraji da kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara. A watan Oktoban 2024 gwamnonin Arewa, ƙarƙashin jagorancin gwamnanmu Inuwa Yahaya, suka yi taro a Kaduna suka nuna rashin amincewa da tsarin rabon harajin VAT da ke ciki. Daga nan WhatsApp ya kama da wuta. Kullum sai an turo mini saƙon murya ana tambaya ko gaskiya ne za a riƙa yankar kuɗi daga asusun kowa. Bayan gyare-gyare a majalisa, Shugaba Tinubu ya sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, aka ce za su fara aiki 1 ga Janairun 2026. FIRS ta koma NRS. Matakalar da na haddace ta rushe.

Sabuwar ta fi sauƙin bayani a kasuwa. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai. Daga nan 2,200,000 kashi 15, sai miliyan 9 kashi 18, miliyan 13 kashi 21, miliyan 25 kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kashi 25. Tsohon rangwamen da Baba ya kama ni a kai an soke shi ɗungurungum, aka kawo na haya: kashi 20 na kuɗin hayar gidan da mutum ya biya a shekara, amma kada ya wuce 500,000. Muka koma dakalin Baba da malamin nan namu mai dubu ɗari. Bayan fansho saura 1,104,000, a zare 800,000, a ɗora kashi 15 a kan 304,000, ya ba da 45,600. Idan yana biyan hayar 200,000, a ƙara zare masa 40,000, harajin ya sauko 39,600. Daga 66,480. Wannan karon waya da ambulan suka yi daidai, Baba ya cire tabarau bai ce komai ba, wanda a wajensa yabo ne.

Dole manhajar ta riƙe dokokin biyu, don albashin 2025 da tsohuwar ake lissafa shi, na Janairun 2026 da sabuwa, kuma masu neman takardar shekara uku suna buƙatar na baya. Rangwamen haya kuma ya zo da nasa rikicin. A Gombe sau nawa mai gida ke ba ɗan haya rasit? Ana biya ne a zaure, a yi addu'a, a tashi. Wata malama ta ce da ta nemi rasit, mai gidan ya tambaye ta ko ƙararsa za ta kai. Sai muka ƙara wata 'yar takardar shaidar biyan haya da ake bugawa daga manhajar, mai gida ya sa hannu kawai. Wasu suna sawa, wasu suna cewa a bari sai sun yi shawara. Waɗanda ke zaune a gidan gado ko gidan kansu kuwa ba su da wannan rangwame, kuma kullum sai na sha tambayar dalili kamar ni na rubuta dokar.

Bappa ya cika shekara guda yana rubuta shige da ficensa. Muka buga lissafin a shago, shafi huɗu, na raka shi ofishin hukumar jiha. A bakin ƙofa wani ya taso yana “Alhaji, me za a yi maka?”, Bappa ko kallonsa bai yi ba. Jami'in da muka samu ya duba takardun, ya yi tambaya kan kuɗin mota da ya ga sun yi yawa a watan Nuwamba, Bappa ya ce lokacin kaka ne, tirela biyu ya yi daga Kumo. Na shekarun baya da babu rubutu sai da aka yi ƙiyasi, aka ɗan ja, aka daidaita. Ya biya a banki, ba a hannun kowa ba, ya karɓi rasit. Da takardar ta fito ya sa ta a leda ya ajiye a akwatin ƙarfen da ke rumfa, tare da ta bogin, don ya ce ita ma kuɗi ya saye ta.

A makon da ya wuce Alhaji mai wake ya aiko yaronsa shago da waya, wai in saka masa “abin nan na Bappanka”. Amma ya ce a gaya mini littafin kawai yake so, kada in kunna masa ɓangaren haraji tukuna. Na saka masa yadda ya ce.